Ganyen Anza a Gindin Rumbu

Duk wanda ya tashi daga Madawa ya bi hanyar Buza, ya wuce Kaita har Tamaske, rumbuna yake fara hangowa kafin gidaje. Suna nan jere a gefen gari, ginin laka, masu ƙaton ciki da ɗan matsattsen baki a sama, kowanne zaune a kan duwatsu, an kifa masa hular ciyawa. Wani rumbun ya fi ɗakin da mai shi yake kwana girma da kyan yaɓe. Haka kuwa ya kamata, domin ruwan sama wata uku zuwa huɗu yake yi mana, ciki kuwa wata goma sha biyu yake nema, kuma ba kowace damina ce take cika alkawari ba.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a kwarin Tarka, aikin gidan gona na yi har ƙarfi ya fara ja baya. Kwanakin nan yaranmu da suka yi karatun noma a Yamai da Maradi suna yawan kawo mini zancen man ƙamshi da ake tatsa daga ganyaye don kashe ƙwarin ajiya. Zancen yana yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai na lura da yawansu ba su san kakanninsu sun daɗe suna wannan aiki da ɗanyen ganye ba, balle su san dalilin da ya sa aka bari. Dalilin nan kuwa yana nan bai gushe ba, kuma shi ne zai tare wa man nasu hanya in ba su kula ba.

A da, tattalin hatsi shi ne babban aikin mai gida. Tsofaffin da na tarar suna ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, yadda suka ji daga bakin iyayensu, kuma abin da suka riƙe daga ciki shi ne magidancin ƙwarai ba ya taɓa hatsin bana sai na bara ya ƙare. In an yi girbi an ɗaure dammuna, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sauran a kai rumbun gandu a liƙe. Maza su tafi cin rani, mata su riƙe gida da abin da suka samu a gamanarsu. Babban rumbu ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. In an samu rara, Abzinawan Kel Geres na wajen Arzarori da Galma su saye, su ɗora wa raƙuma zuwa Bilma, su komo da kantun gishiri da dabino.

Hatsi bai cika ba mu wahala ba muddin yana jikin zangarniyarsa. Ƙwayarsa ƙarama ce, a matse take, iskar ƙasarmu kuma busasshiya ce. Zangarniyar da ta bushe sosai a gona takan yi shekara biyu ko uku a rumbu, a sussuka ta a dama fura ba mai cewa uffan. Abokan gabarta su ne gara da ɓera da wani ɗan malam-buɗe-littafi mai launin ƙasa, wanda tsutsarsa take yin saƙa cikin tsaba. Duwatsun gindin rumbu saboda gara da danshi aka sa su. Sauran kuwa da shara da hayaƙi da ganye ake maganinsu.

Ina yaro ni ake zurawa cikin rumbun mahaifina in kaka ta gabato, don bakin ba ya ɗaukar babba da sauƙi. A jingina tsani, a sauke hular, a ɗaura mini igiya a ƙugu. Ciki ga duhu ga zafi, ƙaiƙayi yana cin wuya. In share tsohon ƙaiƙayin tas, in tara a kwando a ja shi sama, domin a cikinsa ƙwarin bara suke laɓewa. Baba yana bisa tsani yana cewa, "Bi bangon da tafin hannunka, duk inda ka ji tsaga ka gaya mini." A miƙo mini kwaɓaɓɓiyar laka in toshe. Bayan na fito a jefa ɗan kara mai wuta, ciki ya turnuƙe da hayaƙi. Ranar zuba hatsi sai a sassaro ɗanyun rassan anza a shimfiɗa a ƙasa, a jera zangarniya a kai, in an yi nisa a ƙara wani shimfiɗin, na ƙarshe a bakin rumbu, sannan a kifa murfi a shafe shi da laka. Wasu gidajen sukan ƙara nobe, ciyawar nan mai ƙamshi da take fitowa a fako da gefen duwatsu, wadda ake jinkar ɗaki da ita. Wasu tsaure suke sawa, wasu ɗoɗɗoya. Mai karatu ya riƙe wannan shafewar da laka, don a kanta komai ya rataya.

Wake ne mai sa ciwon kai. Tun a gona ƙwaronsa yake kama shi. Macen takan manna ƙwanta a jikin kwanso ko a kan ƙwayar waken, ɗan ɗigo fari da sai ka kai ido kusa za ka gani. Tsutsar ba ta leƙowa waje: daga ƙarƙashin ƙwan take huda wake ta shige, ta ci, ta girma a ciki, bayan kamar wata ɗaya ta fito cikakken ƙwaro, ta bar ƴar zagayayyar ƙofa. Mace guda tana iya zuba ƙwai har kusan ɗari. To a lissafa daga Oktoba zuwa Afrilu. Waken da aka zuba a buhu da kaka ba tare da wata dabara ba, kafin bazara in ka tura hannu za ka ji shi da ɗumi, ka ɗebo rabi gari rabi ƙwari. Masana sun rarrabe iri biyu a ƙasarmu. Ɗaya daga gona yake shigowa amma ba ya daɗewa yana haihuwa a ajiya. Ɗayan, wanda suke kira Callosobruchus maculatus, shi ne yake tarewa ya yi ƴaƴa da jikoki har buhu ya ƙare.

Kakata ta wajen uwa ita ce mai ajiyar irin wake a gidanmu, kuma ban taɓa ganin ta je kasuwar Tunfafi sayen iri ba. Takan shanya waken a tabarma da tsakar rana har sai ya yi ƙaras a haƙori. Tokar murhu ta kwana ta huce, ta tankaɗe ta, ta auna ƙwarya ɗaya ta wake, ƙwarya ɗaya ta toka, ta zuba a tulu tana girgizawa har tokar ta cike kowane gurbi, ta ƙara wata a sama kamar tsawon yatsa. In toka ta gaza, rairayi mai laushi ya cika. Ƙwaron da ya fito daga wake a cikin wannan matsi ba ya samun filin motsi, balle ya nemi mace. Sannan ta murtsuke ganyen anza a tafin hannu, ta cusa a wuyan tulun, ta kifa sakaina, ta shafe da laka. Na taɓa tambayarta amfanin murtsukewar. Ta ce, "Mai gida, ganyen nan ba ya faɗa sai an taɓa shi. Sunsuna ka ji." Na kai hanci, wani yaji ya hau mini kai har ido ya kawo ruwa.

Wannan yajin daga baya masana suka bi sawunsa. A Jami'ar Yamai, Inezdane Alzouma da abokan aikinsa tun cikin shekarun 1980 sun gwada ɗanyen ganyen anza a kan ƙwarin waken nan iri biyu, suka ga yana kashe su. A 1993 binciken Dogo Seck na Senegal da abokansa ya nuna dalili. In an murƙushe ganyen ko ɗan itacen, wani sinadari da yake kwance a ciki yakan farfashe ya saki iska mai guba ga ƙwari, ana ce mata metil-izotiyosiyanat, dangin abin da yake ba ƙwayar mastad yajinta. Irin wannan iskar ce take fita daga wasu magungunan da kamfanoni suke sayarwa don turara ƙasar lambu. Ke nan itacen da ya ciyar da mu da ƙwayarsa, wato dilo, a 1984 da 2005, bayan an yi kwanaki ana jiƙa shi ana zubar da ruwan ɗacinsa, shi ne kuma mai gadin rumbu. Amma iska ce. In bakin tulu a buɗe yake, ta tafi abinta.

Turawan Faransa ma sun sa hannu a harkar rumbu. Bayan yunwar 1931 da ta yi ɓarna a yammacin ƙasar, suka tsananta dokar rumbun tsimi: kowane gida ya kai wani kaso na hatsinsa a kulle, ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Mutane sun tsani abin, don hatsinka ne amma ba ka da iko da shi. Bayan ƴancin kai aka kafa OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa, a 1970, sannan bankunan cimaka na ƙauyuka suka bazu bayan farin 1973 da na 1984. Waɗannan na baya duk da tsaba suke aiki, a buhu, cikin mangaza mai rufin kwano.

A nan labarin ya juya, kuma a nan nake so yaranmu su tsaya su duba. Ganye bai rasa ƙarfinsa ba, mazubi ne ya sauya. Da gyaɗa ta faɗi a farin shekarun 1970, wake ya tashi daga abin dafawa da ajiyar iri ya zama kuɗi. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma yawancin namu can yake tafiya, ta Bangi da Konni da Illela, zuwa Sakkwato da Kano har Legas. Ɗan kasuwa mai ɗaruruwan buhuna ina zai samu tokar da za ta ishe shi? Ko ya samu, mai saye a kudu ba ya son wake mai ƙura. Buhun algarara da saƙaƙƙen buhun leda kuwa iska tana ratsa su ta ko'ina. Ka cusa wa buhu anza kwando guda, kwana biyu yajin ya fice, ƙwari su ci gaba da sha'aninsu. Da mutane suka ga haka sai suka ce maganin tsofaffi ya daina ci. Hatsi ma ya bi sahu, domin wanda zai tafi Abijan ko Libiya neman kuɗi yakan sussuke nasa ya zuba a buhu ya kulle a ɗaki, ya fi masa sauƙi da gyaran rumbu.

Gurbin da ganye ya bari, guba ce ta cike shi. Na ga zamanin garin DDT da gamalin, wanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta sinadarinsa a 2009. Na ga zuwan Actellic, wanda shi aƙalla don ajiya aka yi shi in an bi ƙa'ida. Yau a kowace kasuwar mako akwai mai tebur da yake sayar da ƙwayar Phostoxin ɗai-ɗai a ƙullin leda, da fiya-fiya a kwalbar da ba ta da ko takarda. Ƙwayar nan mai giram 3, da zarar ta sha danshin iska sai ta saki iskar fosfin. An yi ta ne don waɗanda suka koyi aikin su turara mangaza a rufe, nesa da mutane. Mu kuwa cikin buhu ake jefa ta, a jingine buhun a ɗakin da yara suke kwana. Na san gidan da aka kwashi yara zuwa likita da asuba suna amai, buhun wake yana tsaye a kusurwar ɗakinsu, kuma uban bai yi haka don mugunta ba, abincin ƴaƴansa yake ƙoƙarin tsarewa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dikulorbos, sinadarin fiya-fiya, da aka samu a ciki. Su suna da na'urar awo, sun auna sun ƙi. Matar da take sayen tiya ɗaya a kasuwar Madawa ba ta da abin awo sai cikin ƴaƴanta. Wannan abu yana ci mini rai.

Ana cikin haka wani baƙon itace ya zama ɗan gida. Dogon yaro, da wasu suke ce wa bedi, daga Indiya aka kawo shi Afirka ta Yamma a farkon ƙarnin da ya wuce, kuma mutanen can sun daɗe suna sa ganyensa cikin abincin ajiya. A wajenmu kwarin Majiya ne ya yawaita shi. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza suka fara dasa shi layi bibbiyu a Garadume, tsakanin jeri da jeri mita 100, don tare iskar da take kwashe ƙasar gona, har jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. Aikin Kaita da Italiya da FAO suka fara a 1984 shi ma ya dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun aikin a ka. Saboda iska aka dasa dogon yaro, amma ƴaƴansa da suke zuba a ƙasa suna ɗauke da azadiraktin, sinadarin da aka fara warewa a Ingila a 1968, mai hana ƙwaro ci da girma. Mun sha koya wa mata su daka ƙwallon, su murza da ɗan ruwa su matso mai, kamar rabin ƙaramin cokali ga kilo ɗaya na wake. Yana riƙe wake wata da watanni. Ɗacinsa ne matsala, shi ya sa ya fi karɓuwa ga waken iri. Waken ci kuwa wasu man gyaɗa suke shafa masa, ya toshe wa ƙwan numfashi.

Man ƙamshin da yaranmu suke magana dabam yake da wannan. Shi turara shi ake yi: a cika tukunyar ƙarfe da ganye, tururi ya ratsa shi, ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya koma ruwa, ɗan man ya taso sama a kwashe. Ƙamshin tsiro ne aka tattara wuri guda. A Jami'ar Lome, Guillaume Ketoh da Isabelle Glitho sun gwada man nobe a kan ƙwaron wake a farkon shekarun 2000. Mafi yawan man wani sinadari ne mai suna fiferiton, kuma iskarsa tana kashe manyan ƙwari da ƙwai da sababbin tsutsotsi. An yi irin wannan gwaji da ɗoɗɗoya da bunsurun fadama da itacen turare a Gini da Burkina Faso da Kamaru. Aiki ne na ƙwarai, kuma ya wanke kakanninmu daga zargin camfi.

Sai dai duk wannan nasara a cikin kwalbar gilashi mai murfi ake samunta. Tsutsar da ta riga ta yi nisa cikin wake ba ta cika jin man ba. Man kansa yana tashi da sauri, balle a zafin Afrilu na Madawa. Kilo 100 na ganye, in an yi sa'a, lita biyu ko uku yake bayarwa, kuma tukunyar turarawa itace take ci da ruwa, abubuwa biyun da muke ƙirgawa a ƙasar nan. Har yau ban ga kwalbar man nobe a kasuwar Buza ko ta Sabon Gida ba. Noben ma yana ƙaranci, don gonaki sun cinye fako, masu jinka kuma suna tumɓuke shi har saiwa. Wuraren da muke yankan shi muna yara, yanzu sai ka yi tafiya ba ka ga tushe ɗaya ba.

Abin da ya fi taimakon mai wake a zamanin aikina ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Buhun PICS ne, wanda Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa na arewacin Kamaru suka soma a ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi ƙauye-ƙauye, kuma masanin ƙwari Ibrahim Baoua, wanda a lokacin yake cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi, yana cikin waɗanda suka gwada shi a Nijar. Leda biyu masu kauri a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje, kowanne a ɗaure bakinsa dabam. Ƙwarin da suke ciki su shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Mata da yawa da jarka mai lita 20 ko da tano suke yin haka. Ranar da muka kwance buhun gwaji a dandalin wani ƙauye bayan watanni, wata tsohuwa ta dumbuzi waken ta juya shi a hannu, ba huda ko ɗaya, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai wannan tulu ne, ledar ce kawai sabuwa."

A ganina man ƙamshi yana da wurin zama a gidajenmu, amma cikin mazubi rufaffe, kuma ga ƙaramar ajiya. Buhun PICS ba ya son yawan buɗewa, ɓera ko tsinke ɗaya yana ɓata shi, kuɗinsa kuma ba kowa yake da shi da kaka ba. Jarkar da uwargida take buɗewa duk mako ta ɗebi na dafawa, da waken irin da ake jiran damina da shi, nan ne ɗigon man nobe ko murtsukakken ganyen anza zai yi amfani. Masananmu na INRAN da jami'o'i su fito da gwajin daga kwalba su kawo shi cikin jarka a Galma da Karofan da Garhanga. Su gaya mana ganye nawa ne ga tiya nawa, bayan kwana nawa za a sake, ko irin zai tsira, ko waken zai ciwu, domin kasancewar abu tsiro ba ta mai da shi marar illa ba. Yaran da suka kawo mini zancen kuma su ɗauki littafi su zauna da tsofaffin matan garinsu tun suna raye, su rubuta wane ganye ne, a wane wata ake yankansa, ɗanye ko busasshe.

Ƴan'uwana manoma, in kun zo sassabe ku bar tushen anza a gona, ku daina tumɓuke nobe da saiwarsa. Sarakuna da magadan gari su ware wa ciyawar nan fako su tsare shi. Wanda kuma ya ga ba makawa sai ya sa ƙwaya a buhunsa bana, don Allah ya fitar da buhun daga ɗakin da ake kwana.